Ƙarar Ƙanƙara a Kofi: Abin da Take Faɗi da Abin da Ba Ta Faɗi



Da aka sanar cewa laccar yau a kan ƙarar ƙanƙara ce, na tabbata akwai dattijon da ya ce a ransa, masu boko sun rasa abin yi. Ban ga laifinsa ba. Sai dai ina roƙon a ba ni aron kunne har in kai ƙarshe, domin wannan ƴar ƙara da ba ta kai ƙiftawar ido ba tana da alaƙa da kuɗin da kuke fitarwa a watan azumi, da kofin shayin da ke darewa a hannun mai shayi da hunturu, har da lafiyar cikin ƴaƴanku.

Kowa a nan ya taɓa jin ta. An kusa kiran magariba, an dama zoɓo ko lamurje, an fasa leda, an jefa dunƙulen ƙanƙara a ciki, sai ka ji ƙas! Wani lokaci sau biyu ko uku a jere. In ka ɗaga kofin ka duba, dunƙulen yana nan bai rabu ba, amma wata farar tsaga ta ratsa cikinsa. Wata rana kuma, zoɓon iri ɗaya, kofin shi ne dai, ka jefa ƙanƙara ta yi shiru. Duk bayanin da za mu karɓa dole ya warware mana abu biyun nan tare: me ya sa take ƙara, me kuma ya sa wani lokaci ba ta yi.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce iska ce ke fita daga ciki. Akwai iska a ciki kam, kuma tana da tata ƙarar, zan zo kanta. Amma ƙanƙara garau wadda babu ɗigon iska a cikinta ita ma tana tsagewa. Wasu su ce narkewa ce. To ai narkewa daga waje take ci, sannu a hankali, ita kuwa tsagar a ciki take, kuma a daƙiƙun farko take faruwa, tun dunƙulen bai ragu ba. Wadda ke narkewa sosai ma, tana ɗiga a hannu, ita ce ba ta ƙara.

Mabuɗin zancen shi ne ba kowace ƙanƙara ce sanyinta ɗaya da wata ba. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili, wannan kowane ɗan koleji ya sani. Abin da ake mantawa shi ne bayan ya daskare yana ci gaba da yin sanyi muddin yana cikin firiza. Firiza mai lafiya da ta samu wuta kwana da yini takan kai abin da ke cikinta wajen digiri 18 ƙasa da sifili. Zoɓon da aka dama da ruwan da ya wuni a jarka a watan Afrilu kuwa, ba abin mamaki ba ne ya kai digiri 35. Ke nan tsakanin dunƙulen da ruwan da ya faɗa ciki akwai tazarar digiri 50 da ɗoriya.

Da faɗawarsa, fatar dunƙulen ta waje takan ɗumama nan take ta kai sifili. Ta tsaya a nan, ba za ta wuce ba, domin abin da ya wuce sifili ya zama ruwa. Cikin dunƙulen kuwa bai san abin da ake ciki ba, yana nan a 18 ƙasa da sifili, saboda zafi ba ya ratsa ƙanƙara da sauri. A tukunyar alminiyum zafi yana tafiya kusan sau 100 fiye da yadda yake tafiya a ƙanƙara. Shi ya sa da kin ɗora tukunya a murhu, kafin ki juya hannunta ya yi zafi, amma dunƙulen ƙanƙara yakan yi mintuna wajensa na ɗiga cikinsa na nan da sanyinsa.

To, kusan duk wani abu mai tauri in ya ɗumama yakan buɗe kaɗan, in ya huce ya tsuke. Ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi shi kullum cikin karkarwa suke a mazauninsu. In zafi ya ƙaru karkarwar ta ƙaru, kowace ta nemi ƙarin wuri. Ƙanƙara ba a bar ta a baya ba, ta ma fi da yawa: a kan kowane digiri tana buɗewa kusan sau huɗu fiye da ƙarfe, kusan sau biyar fiye da gilashi. In da za a samu sandar ƙanƙara mai tsawon mita ɗaya a ɗumama ta daga 18 ƙasa da sifili zuwa sifili, tsawonta zai ƙaru da kusan milimita ɗaya.

Na ga wasu na murmushi. Milimita ɗaya a mita, har wani abu ne? Ga roba ba komai ba ne, ga waya ma haka. Amma ƙanƙara abu ce mai gautsi. In aka ja ta da sauri, abin da za ta iya miƙewa kafin ta dare bai wuce wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita a mita ba. Fatar waje na neman buɗewa da milimita guda, cikin da take manne da shi ba ya iya bin ta ko da rubu'in haka. Manoma sun san abin da ke faruwa in aka ɗaura shanu biyu a karkiya ɗaya, wannan ya zabura, wancan ya kafe ƙafa: karkiyar ce ke jin jiki, in icen ya bushe kuma karyewa zai yi. Fata na ja, ciki na turjewa, sai cikin ya yage. Shi ya sa tsagar a tsakiya kuke ganinta.

Yagewar takan fara ne daga wani wuri mai rauni, ƴar kumfar iska ko ƴar tsohuwar tsaga da ido ba ya gani, ta ratsa dunƙulen cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙarfin da ya taru ya saki gaba ɗaya, dunƙulen ya girgiza, girgizar ta bi ta ruwa da jikin kofi ta iso kunne. Sauti yana gudun mita 340 a daƙiƙa cikin iska, a ruwa kusan 1,500, a cikin ƙanƙara kuwa ya haura 3,000. Komai ya faru ya ƙare kafin kunne ya tantance, shi ya sa ba a jin ta da tsawo, ƙas ce kawai.

Akwai ɗalibin da na san zai ɗaga hannu a nan, bari in riga shi. Zai ce, Malam, ai an koya mana ruwa kumbura yake yi in ya daskare, to me ya sa kake cewa sanyi na tsuke abu? Tambaya ce mai kyau, kuma magana biyu ce daban. A daidai lokacin da ruwa ke rikiɗewa ya zama ƙanƙara, ƙwayoyinsa sukan jeru cikin wani tsari mai kusurwa shida da ke barin fili a tsakani, sai ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100. Wannan ne ke sa ledar ƙanƙara ta yi tim, kwalbar lemun da aka manta a firiza ta fashe, ƙanƙara kuma ta yi iyo a kan zoɓo maimakon ta nutse. Wannan sau ɗaya yake faruwa, a bakin sifili. Amma da zarar ta zama ƙanƙara, ta shiga dokar sauran abubuwa masu tauri: ƙarin sanyi ya tsuke ta, ɗumi ya buɗa ta.

Yanzu mu koma kan wadda ta yi shiru. Ƙanƙarar da aka ɗauko daga wani gari, aka naɗe da buhu, aka sa a kula, aka ɗaure a bayan kabu-kabu ta sha hanya cikin rana, kafin ta iso hannunka ɗumi ya riga ya ratsa ta har tsakiya, a hankali, ba tare da an fizge ta ba. Ciki sifili, waje sifili. Babu mai ja, babu mai turjewa. Ka jefa ta ko a ruwan ɗumi ne, narkewa kawai za ta yi. Kuna iya gane su da ido da hannu. Wadda ta fito daga firiza yanzu busasshiya ce, fatarta dishi-dishi, tana fitar da ɗan hayaƙi, tana kama yatsa in da danshi. Wadda ta kai sifili jiƙaƙƙiya ce, tana sheƙi, tana suɓucewa. Wanda ke da firiza a gida ya gwada yau: ya ciro dunƙule biyu, ya jefa ɗaya nan take, ɗayan ya bar shi a faranti sai ya fara zufa sosai sannan ya jefa. Kuma zai lura babban dunƙule ya fi ƙaramin tsagewa, ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi sa shi ƙara.

Wannan doka ba ta ƙanƙara kaɗai ba ce. Da sanyin safiya a watan Janairu, mai shayi ya ɗauko ɗan kofin gilashi da ya kwana a waje, ya tsiyaya masa tafasasshen shayi, sai ƙas, kofi ya dare. Cikin kofin ya buɗe, bayansa bai kai ga ɗumama ba. Abin da zai ba ku mamaki, kofi mai kauri ya fi mai siriri saurin darewa, domin zafi ya fi daɗewa kafin ya ratsa shi. Masu shayin da suka ƙware sukan fara ɗauraye kofi da ruwan ɗumi, kuma daidai suke yi, ko ba su taɓa shiga aji ba. Haka maginiyar tukunya ba ta cusa ɗanyar tukunya a tsakiyar wuta, sai ta shanya ta, ta gasa a hankali, ta kuma bar ta ta huce a hankali. Haka bakanike ke hana a sheƙa wa injin da ya yi zafi ruwan sanyi. Masana'antu sun bi ta wata hanya: a Jamus, a ƙarshen ƙarni na 19, Otto Schott ya haɗa wani gilashi da ba ya buɗewa sosai da zafi, irinsa ne kamfanin Corning na Amurka ya fitar da sunan Pyrex a 1915, kuma irinsa ake dafa magunguna a ciki a ɗakunan gwaji. Ku yara masu gurgurar ƙanƙara kuma, haƙori ma abu ne mai gautsi, kuma in ya tsage ba ya haɗewa.

To ga inda zancen ya shafi aljihu. Na sha jin masu saye na cewa a ba su mai ƙarfi, wadda ke kama hannu, har su yarda su ƙara dala biyar a kanta. Ƙarar da sandarewar shaida ce ta gaskiya cewa cikinta ya yi sanyi ƙwarai. Amma nawa ne wannan ƙarin sanyin?

Wani malamin jami'ar Gilasgo a ƙasar Sikotland, Joseph Black, shi ya fara auna wannan a wajen 1761. Ya lura ƙanƙara na shan zafi mai yawa a lokacin da take narkewa, amma ma'auni bai motsa daga sifili ba har sai ta narke duka. Zafin ya shige, ba a ganinsa, don haka ya kira shi ɓoyayyen zafi. Da ma'aunin yau, zafin da ake bukata a narkar da kilo ɗaya na ƙanƙara ya isa ya ɗaga kilo ɗaya na ruwa daga sifili zuwa digiri 80, wato dab da tafasa. Ɗumama wannan kilon daga 18 ƙasa da sifili zuwa sifili kuwa, da ma'aunin nan dai, 9 kawai yake ci. Ku riƙe lambobin nan biyu, 80 da 9.

Mu mai da shi zoɓo. Kilo ɗaya na jiƙaƙƙiyar ƙanƙara mai shiru zai sauko da wajen lita uku da rabi daga digiri 35 zuwa 10. Kilo ɗaya na mai ƙara zai sauko da wajen lita huɗu. Bambancin bai kai rabin lita ba. A ganina, mai saye da ke sauraren ƙara ya bar abin dubawa. Abin dubawa shi ne nauyin abin da ya rage a daskare. Ka ɗaga ledar ka girgiza: ruwan da ke motsi a ciki ya riga ya ba iskar hanya 80 ɗinsa, ba kai zai ba. Ka kuma duba tsakiya, domin ruwa daga waje yake fara daskarewa ya nufi ciki, in aka ɗauke wuta kafin ya gama sai ka sayi ɓawo mai ruwa a ciki da kuɗin dunƙule.

Ga masu sayarwa kuma, maganin asara biyu ne, girma da rufi. Ƙanƙara ta fatarta take narkewa, babban dunƙule kuwa fatarsa kaɗan ce in aka gwada da nauyinsa. In ka farfasa shi ka ninka masa fata. Shi ya sa farfasasshiya ta fi saurin sanyaya abin sha, ta kuma fi saurin ƙarewa a kula. Kan rufi, ga wani abu da ya faru a 1959. Wani kamfanin ƙasar Nowe mai yin audugar gilashi ta rufin ɗaki ya yanko ƙanƙara tan uku daga arewacin ƙasarsu, ya naɗe ta da kayansa, ya ɗora a babbar mota ba tare da injin sanyi ba, aka ratsa Turai, aka tsallaka teku, aka keta Sahara, har Libarbil ta ƙasar Gabon. Tafiyar kusan wata guda ce, abin da ya narke kuma wajen kashi 11 cikin 100 ne kawai. Talla suke yi, amma darasin na gaske ne. Buhu da busasshiyar dusar katako aiki iri ɗaya suke yi, matuƙar a bushe suke. Jiƙaƙƙen buhu ya daina tsare komai, a canza shi.

Ba sai na tuna muku darajar ƙanƙara ba. Wutar da jihar Maradi ke sha, mafi yawanta daga Najeriya take shigowa ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 ba ta dawo ba sai Maris 2024, a farkon azumi, kuma azumin ya faɗa cikin zafin da a ranar 3 ga Afrilu ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wanda ya nemi ƙanƙara a wannan lokaci ya san kowane dunƙule da lissafinsa.

Na yi alkawarin komawa kan iska. Bayan ƙas ɗin farko, in ka kara kunne a bakin kofi za ka ji wata ƴar siririyar ƙara, tsi-tsi-tsi, tana ci gaba. Wannan kam iska ce. Kowane ruwa akwai iska narke a cikinsa, ita kifi ke shaƙa. Ƙanƙara kuwa ba ta karɓar baƙo a tsarinta, tana daskarewa tana tura iskar gaba, daga waje zuwa ciki, har ta rasa mafita ta taru a tsakiya cikin dubban ƙananan kumfa. Mafi yawan farin da kuke gani a tsakiyar dunƙule ke nan. Narkewa na isa ga kowace kumfa tana fashewa.

Wannan ƙaramar ƙara ta taɓa buɗe wata babbar ƙofa ta ilimi. A 1965 wani masani Bafaranshe, Claude Lorius, yana aiki a Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke can ƙarshen kudancin duniya. Wata rana da yamma ya jefa gutsuren tsohuwar ƙanƙarar da suka haƙo daga ƙasa a cikin kofin abin shansa, ya ga kumfa na tasowa tana fashewa. Ita irin wannan ƙanƙara ba a firiza aka yi ta ba. Dusar ƙanƙara ce da ta yi ta zuba shekara kan shekara, ta sama na danne ta ƙasa, har iskar da ke tsakani ta kulle cikin matsi. Sai ya faɗo masa a rai cewa iskar da ke fita a kofinsa ta zamanin da dusar ta zuba ce, kuma in an auna ta za a san yadda iskar duniya take a wancan zamani. Shekaru 20 da wani abu aka yi kafin aikin ya nuna. A 1987 shi da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon haƙar tashar Bostok ta Rasha, daga baya kuma Turawa suka haƙa rami mai zurfin fiye da kilomita uku suka karanta iskar shekara 800,000. A duk tsawon nan, iskar kabon da ke riƙe zafin duniya tana kai-komo ne tsakanin kashi 180 da 300 cikin miliyan. Yau ta wuce 420. In kun ji ana cewa ɗumamar yanayi daga hayaƙin da ɗan Adam ke ƙonawa take, to ɗaya daga manyan shaidun daga irin kumfar nan aka samo shi. Lorius ya rasu a 2023 yana da shekara 91.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce na fi so iyaye mata su tafi da ita. Akwai masu ɗauka cewa ƙanƙarar da ta sandare har tana ƙara ta kashe duk wata ƙwayar cuta. Ba haka ba ne. Tafasa ce ke kashewa, sanyi ajiya yake yi. Da sanyin ai ake adana allurar rigakafi a asibiti don kada ta lalace. Ƙwayoyin da ke kawo taifot da amai da gudawa suna iya kwanaki a cikin ƙanƙara, ta narke a zoɓo su farka. Mutanen jihar nan ba su manta kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a watan Yulin 2018 ba, wadda ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar. Ba ina cewa ƙanƙara ce ta kawo ta ba. Ina cewa ne duk ruwan da ba za ki ba ɗanki ya sha ba, daskarewa ba ta mai da shi na sha. Kuma garau ɗin dunƙule ba shaidar tsabta ba ce, rashin iska kawai yake nunawa.

Mai yin ƙanƙarar sayarwa ya yi ta da ruwan da aka tafasa ko aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs, ya wanke hannu da sabulu kafin ɗurawa, kuma kada ya hura leda da baki don ta buɗe. Mai saye da bai san tushen ruwan ba, akwai dabara mai sauƙi: kada a fasa ledar. A wanke bayanta da ruwa mai tsabta da sabulu, a ɗauraye, a saka ta yadda take a cikin zoɓon, ko kuma a zuba zoɓon a gora a rufe, a jera gorunan a bokiti tare da ƙanƙarar. Zai ɗan fi jinkiri, don haka a fara tun bayan la'asar. Sanyin da za a samu kusan ɗaya ne, zoɓon kuma ba zai tsinke ba.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, mu fara da ɓangaren iyaye mata.